Madam Rahamatu, Wadda Ta Ƙidaya 'Ya'yan Fari

Ranar Talata, 11 ga watan Maris na shekarar 2025, muna cikin azumi, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Rahamatu Abdulrahim a gidanta da ke unguwar Bilbis, cikin garin Tahoua, bayan jinyar wata biyar. Shekararta sittin da ɗaya, talatin da huɗu daga ciki ta yi su ne tana aikin jinya da kula da lafiyar jama'a. Labarin ya iske ni a bakin rijiya ina shayar da awaki. Na mayar da waya aljihu, na ce Wanda Ya ba mu aronta Ya karɓi abinSa, mu ma can muka dosa. Daga nan na ci gaba da jan guga har komin ruwa ya cika ya tumbatsa. Awakin sun ƙoshi sun watse tuni, ni ban sani ba.

Madam muke kiranki a Dabagin Sadiƙu, kuma haka zan kira ki a nan, domin ko bayan kin sauke farali bakinmu bai iya sauyawa ba. Manya za su yi magana a kanki, masu takardu da masu muƙami. Ni Ciɗo ne, manomin hatsi da damina, mai tallar agogo da madubin ido a Abidjan da rani. Karatuna na lakkol ya tsaya a aji biyar, ba don na ƙoshi ba, sai don mushenmu, wato malamin ajin, ya gano cewa ni da lissafi ba za mu taɓa zama lafiya a ɗaki guda ba. Abin da na tsira da shi shi ne ɗan rubutun nan da kuke gani, da Faransanci daidai na gaida jandarma a kan hanya. A ƙauyenmu wannan ya isa a kira mutum mai ilimi. Ke kuwa tun ranar farko kika laƙaba mini Mushe Ciɗo. Na ji daɗi ƙwarai. Sai da aka shekara na gane tsokana ce.

A shekarar 2011 aka ce za a ƙara ƙananan gidajen likita a yankinmu, can wajen Tebaram. Ba kowane ƙauye ne zai samu ba, sai an bincika an ga inda jama'a suka fi yawa kuma ciwo ya fi damunsu. Aka aiko samari biyu da takardun tambayoyi. Maigari ya ce ni zan raka su, tunda ni ne ɗan boko. Na sa rigata ta Abidjan, na soke bik biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu.

Aikin bai ɗauke mu kwana biyu ba. Mu tsaya ƙofar gida, a yi sallama da mai gida, ya fito yana gyara hula. Mutum nawa ne a gidanka? Ya faɗa. Akwai marar lafiya? Babu, sai godiya. An yi rashin yaro a gidan nan tun bara? Babu. In mai gida yana Abidjan ko Libiya, kamar rabin mazan garin a wannan lokaci, ni nake amsawa a madadinsa, gaba gaɗi, kamar ni nake kwana a gidan. Da aka zo tambayar ƙarshe, wai me garin ya fi buƙata, na ce motar ɗaukar marasa lafiya mai jiniya, da asibiti mai bene irin wanda na gani a bakin teku. Samarin suka rubuta, suka sha fura, suka tafi. Na yi kwana bakwai ina ba da labarin yadda na taimaki gwamnati.

Abin da takardun suka nuna shi ne Dabagin Sadiƙu ƙaramin gari ne, mutanensa ƙalau, ba mai tari, ba mai zazzaɓi, shekara guda cur ba a binne yaro ko ɗaya ba. Wato ba mu buƙatar komai. Da bakina na kore mana likita, ina murmushi.

Takardun nan a teburinki suka sauka, domin ke aka ɗora wa haɗa sakamakon yankin duka. Daga baya kin gaya mini cewa sau biyu kika karanta namu, sannan kika ce wa direba ya shirya mota. Wai shekara ashirin kina aiki ba ki taɓa jin garin da ya kai mu lafiya ba, kina so ki zo ki gani ko ruwan rijiyarmu ne, ki ɗiba ki kai wa sauran.

Kin iso da hantsi, lokacin sanyi, da zane da kallabi da takalmin roba, ba farar riga. Takardun kuwa a mota kika bar su. Bayan kin gaisa da maigari ba ki nemi masu gida ba, kika ce a kai ki wajen liman. Tambaya ɗaya kika yi masa: tun girbin bara gawa nawa ya sallata, kuma nawa ne yara? Liman ba ya ƙarya, sai dai ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya lanƙwasa yatsu, ya ce yara huɗu. Kika juyo kika dube ni. Na shiga duban bik ɗina kamar yau na fara ganinsa.

A hanya kika ce, "Mushe Ciɗo, kai ɗiyanka nawa?"

Na ce, "Huɗu, Madam. Ashiru, Hasiya, Abdulrazak, da jaririya Rahinatu."

"Ashiru shekarunshi nawa?"

"Bakwai."

"Kai da matarka Salamatu fa, yaushe anka ɗaura?"

"Shekara goma sha biyu ke nan."

Kika tsaya cak. "To shekara biyar na farko mi kunka yi? Kallon juna?"

Na ce ai Madam kin san halin tafiya, mutum yana Abidjan. Kika ce, "Na sani. Kai ni ɗakin tsohuwarka."

Ba sai na yi wa Bahaushe dogon bayani ba, amma yaran birni na yanzu ƙila sai an tuna musu. A wajenmu ɗan fari ba na iyayensa ba ne a baki. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka nuna ka san da shi. Da an yaye shi sai ɗakin kaka. In aka tambaye ka 'ya'yanka, daga na biyu kake farawa, wanda ya fara da na fari an ce ba shi da kunya. Ita kuwa kaka, in mijinta ya rasu, tana can ɗakinta a ƙuryar tsohon gida, ba ta da mai gidan da za a yi sallama da shi. Tsohuwata, Inna Raƙiya, ni na ɗauka yayana ya ambace ta a nasa gidan, shi ya ɗauka na ambace ta a nawa. Haka takarda ta tsallake tsofaffin mata da 'ya'yan fari na gari guda, ba tare da kowa ya yi niyyar ɓoye su ba. Yaran nan huɗu da liman ya sallata, uku 'ya'yan fari ne. Iyayensu sun ce babu. Mutumin da bai iya ambaton yaro yana raye ba, ina zai iya ambatonsa a gaban baƙo bayan ya mutu?

Mun iske Inna a bakin ƙofa tana tsintar wake, tana tari irin wanda muka saba ji har muka daina ji. Mun ce tsufa ne. Kika durƙusa har ƙasa kika gaishe ta, kika sa hannu cikin waken kamar 'yar gida. Ba ki tambaye ta 'ya'yanta nawa ba. Cewa kika yi, "Inna, wa ka kwana ɗakin ga tare da ke? Wa ka cin tuwo kwano guda da ke?" Inna ta miƙa hannu ta ɗaga labule.

Yarinya ce 'yar shekara goma, kwance kan tabarma da rana tsaka, lulluɓe da zanen kakarta. Wuya kamar sillen kara, idanu sun yi zuru-zuru. Da ta yi tari sai da ƙafafunta suka ɗaga daga tabarmar. Wata uku tana haka, kuma na sani. Kullum in zan wuce masallaci ina jin tarin nan ta bayan danga, in rage tafiya, in saurara, in wuce. Na sha sayo madara da sukari in ba Salamatu, ita ta ba maƙwabciya, maƙwabciya ta kai wa Inna, don kada a ce daga wajenmu ya fito. Iyakar jarumtakata ke nan.

Kika fito da abin sauraron ƙirji daga jaka, kika daɗe kina saurare. Ba tare da kin ɗago ba kika ce, "Wagga ɗiyar wa ce?"

Ina tsaye a ƙofa da bik biyu a aljihu. Na ce, "Ta wajen tsohuwa ce."

Inna ta ce, "Ɗiyata, ki dubi kunnuwan, ki dubi nashi. Duk garin ga wa ke da irinsu in ba su biyu ba?"

Na zaci za ki wanke ni tas. Da kin yi, da na samu fushin da zan fake da shi. Ba ki yi ba. Kin fito waje, kika rage murya kika ce, "Mushe, ni ma ɗiyar fari ce. Har babana ya rasu bai taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba. Ban zo in raba ku da kunyarku ba. Amma yarinyar ga tarin fuka nike zato, kuma ta yi nisa. Ka riƙe kunyarka, ka bar ni in riƙe yarinyar."

Kwana tara kika yi a garinmu, kin sauka a gidan maigari, kika sake aikin daga farko ta hanyarki. Ni dai ina biye da jaka. An sauke ni daga mai amsa tambaya zuwa mai ɗaukar kaya, kuma garin ya fi amfana da ni a wannan muƙamin. Kin zauna bakin rijiya, kin zauna wajen masu daka har kin karɓi taɓarya, kin shiga ɗakin kowace tsohuwa. Kin hau tudu wajen Abzinawa makiyaya da ke zaune a bayansa, waɗanda samarin farko ba su ma san da su ba, domin ni ban ga dalilin hawan tudu da rana ba. Kin tambayi ungozoma mata nawa suka wahala wajen haihuwa. Kin tambayi mai amalanken jaki sau nawa aka tashe shi kai marar lafiya, awa nawa yake yi kafin ya kai gidan likita mafi kusa, kuma mutum nawa suka cika a hanya. Shi ma kamar liman ne, amsar tana bakinsa shekara da shekaru, ba wanda ya nema. Duk mai tari kika ba shi ɗan gwangwani ya tofa kaki, direba ya kai Tahoua a gwada. Tsofaffi suka ce tun da suke ba su taɓa ganin baƙon da aka miƙa wa fura ya ce kaki yake so ba.

Rana ta tara kika ce a tara gari a gindin gawo. Mu maza muka shimfiɗa tabarmi a gaba, mun shirya maganar motarmu mai jiniya. Tsofaffin mata suka rakuɓe can nesa jikin rumbuna. Sai kika ɗauki kujerarki kika tafi wajensu kika zauna. Dole maigari da liman da mu duka muka naɗe tabarmi muka bi ki.

Kika zana garin a ƙasa da kara: ga masallaci, ga rijiya, ga tudu, ga gidaje. Kika ce a kawo tsakuwa. In dai dutse ne, ƙasarmu ta Adar ba ta taɓa roƙon kowa ba. Kika ce duk inda kika samu mai tarin fuka za ki ajiye tsakuwa guda, baƙa ta babba, fara ta yaro, kuma ba za ki kira sunan kowa ba. Muna kallo. Baƙa, fara. Baƙa, fara. Kusan duk inda baƙa ta sauka sai fara ta sauka a jikinta, kuma duk a ƙuryoyin tsofaffin gidaje. Shida baƙaƙe, biyar farare. Kowane uba a taron nan ya gane tsakuwarsa.

Kika ce ciwon yana warkewa, amma sai an sha magani kullum har wata shida ba fashi, kuma a gaban wanda ya san aikin. Mota mai jiniya za ta kai mutum asibiti sau ɗaya, ba za ta zo kowace safiya ta ba tsohuwa ƙwaya ba. Abin da za ki rubuta a nema mana shi ne ɗaki biyu, da ma'aikaci mai zama a garin, da babur da zai riƙa kai gwaji Tahoua, da awon masu ciki, da rigakafin da zai bi yaro har ɗakin kakarsa. Kuma ɗakunan tsofaffi, kika ce, a fasa musu taga iska ta shiga. Kika juya kika tambayi matan ko haka ya yi, ko akwai abin da kika manta. Ba ki tashi ba sai da kowace ta yi magana.

Wani daga cikinmu ya ce, to benen fa? Kika ce, "Ku tambayi Mushe Ciɗo. Shi ya gano shi, shi ya san inda ya aje."

Da taro ya watse na yi kamar ina gyara takalmi, na ɗauke farar tsakuwar da ke ƙuryar gidanmu na jefa aljihu. Na ɗaga kai, ashe kina kallona. Abin da kawai kika ce shi ne, "Gobe da sassafe mota za ta tashi. Akwai wurin mutum uku a baya."

Haka muka shiga, ni da Inna, yarinyar a tsakiyarmu. Kowa ya san hanyarmu, dutse ne kan dutse. A wani gangare kanta ya faɗo kafaɗata, ta yi sauri ta janye, domin ita ma an koya mata kunyata. Na dubi Inna, ta rufe ido wai barci take. Na dube ki, kin ƙura wa hanya ido kamar ke ce direba. Na sa hannu na maido kan nan kafaɗata. Wannan ne karo na farko da na ji nauyinta a duniya, kuma ba ta da nauyi.

A asibiti mai rubutu ya ce, sunan yarinya? Na buɗe baki, ya ƙi fita. Mutumin da ya yi ciniki da kowace ƙabila a kasuwannin Abidjan, ya tsaya kamar an ɗaure masa harshe. Ya ce, to kai mene ne nata? Na ce, "Garinmu guda." Wallahi abin da na ce ke nan. Kika matso kika faɗi sunanta, kika faɗi nawa a wurin uba, kika ce masa ya rubuta. Da muka fito kika ce, "Yau na faɗa maka. Amma wata rana ina son in ji shi daga bakinka, ko sau guda." Na ce in sha Allah, irin in sha Allahun da mu Adarawa muke yi wa matanmu in sun tambayi ranar dawowa.

Aka ɗauki hoton ƙirjin yarinyar. Likitan ya daɗe yana kallo, ya ce da an ƙara wata biyu da ba wannan maganar ake yi ba. Kwana goma sha biyu suka yi a gidanki, ita da Inna, a ɗakin waje mai taga biyu, wanda mijinki Malam Souleyman ya kwashe littattafansa ya ba su. Ita ma Inna an ɗora ta kan magani. Kwana biyu da farawa ta ce a kira ni, wai an cuce ta, fitsarinta ya koma ja kamar zoɓo. Kika zauna kika yi mata bayani cewa aikin maganin ne, ba jini ba ne. Ta ce in dai har ciki yake shiga haka, a ba Ciɗo ma, ƙila ya yi hankali.

Kafin a gina ɗakin likita, kin koya wa ungozomarmu da matar liman yadda za su riƙa ba da ƙwayar kowace safiya suna sa alama, ke kuma kina zuwa duk wata ki duba. Zuwanki na biyu na ɗaure akuya a bayan mota, mai nono, mafi kyau a cikin awakina. Kika sa direba ya kwance ta. Kika ce, "Ka maida ta, a tatsa a ba yarinya. Kuma kai da kanka za ka kai, ba ta hannun maƙwabciya ba." Har yau ban san wanda ya kai miki labarin maƙwabciya ba, amma ina zargin maƙwabciyar. Na kai nonon. Na ajiye a bakin ƙofa na yi tari na wuce, amma dai da hannuna na kai. Na kuma fasa bangon ɗakin Inna na yi taga biyu, tana zagina tun daga bugun farko har na ƙarshe.

Cikin tsakuwa goma sha ɗayan nan, goma sun warke. Tsohuwa ɗaya ta riga mu gidan gaskiya, ciwon ya riga ya ci ƙarfinta. Inna ta ƙara shekara shida a duniya, kuma ba ta bar ko ɗaya ta wuce ba tare da ta kira ni "Garinmu guda" a gaban jama'a ba. Bayan shekara ɗaya da rabi aka gina mana ɗaki biyu, ba bene, ba jiniya. Suna nan har yau, da babur ɗinsu. Ma'aikacin da ke wurin yanzu ya nuna mini takardar da suke zagayawa da ita gida-gida, a ƙasanta akwai layin da kika sa aka ƙara: wa ke kwana a ɗakin kaka?

Shekara goma sha huɗu ke nan. Allah bai ƙara mana haihuwa ba bayan Rahinatu, ƙila Ya ga ban iya ƙidayar waɗanda Ya ba ni ba. Duk lokacin da na shigo Tahoua, zan tafi ko na dawo, sai na biya gidanki da cuku ko wake. Tun bayan rasuwar Inna gaisuwarmu ba ta taɓa sauyawa ba.

"Mushe Ciɗo, ɗiyanka nawa?"

"Huɗu, Madam, da ta wajen tsohuwa."

"Tsohuwa ta rasu, Mushe."

"To, da ta wajen mijinta."

Sai ki yi dariya ki ce a kawo mini ruwa.

Cikin watan Sha'aban na zo dubiya. Kin rame, murya ta yi ƙasa. Duk da haka ba ki bar ni na tambayi jikinki ba, ke kika shiga tambaya: babur yana tafiya? An samu ma'aikaciya mace don masu ciki? Mutanen bayan tudu suna saukowa awo? Sannan kika yi tambayar da kika saba. Na dubi idonki, na san wannan karon ba wasa ba ne. Sunan ya taso har maƙogwarona. Amma ɗakin cike yake da mata 'yan dubiya, sai halina ya riga ni. Na ce, "Huɗu da rabi, Madam." Aka fashe da dariya, ke ma kika yi har kika riƙe ciki, kika ce, "Allah Shi shirye ka, Mushe." Na fita ina jin daɗi na ba ki dariya. Na ce a raina bayan salla zan dawo in faɗa miki, mu biyu kawai. Ban samu bayan sallar ba.

Laraba da safe muka raka ki. Ƙofar gidanki ta cika da mutanen da ba su san juna ba, daga wajen Bambeye, daga Kalfu, daga ƙauyukanmu na Tebaram, kowa da labarin ranar da kika zo kika zauna a ƙasa kika yi masa tambayar da ba a taɓa yi masa ba. Cikin gida wajen mata akwai wata mai shekara ashirin da huɗu, goye da jariri, riƙe da hannun wani yaro, ta taso tun asuba daga garin mijinta. Muka yi kiciɓis a bakin zaure. Ta durƙusa ta gaishe ni ta sunkuyar da kai, na kau da nawa, kamar yadda aka koya mana. Amma na gani. Kumatu cike, numfashi ƙalau, kunnuwan suna nan. Yaron da take riƙe da shi ɗan farinta ne. A ɗakin Salamatu yake kwana, ɗakin yana da taga, kuma sunansa yana cikin littafin likita tun yana kwana bakwai a duniya.

Madam, mun gode. Ba ki kawo mana abin da muka roƙa ba, kin kawo mana abin da muke buƙata, kuma ba ki kunyata kowa ba wajen nemo shi.

Ya Allah, baiwarKa Rahamatu ta zo gare Ka cikin watan rahama. Ta bi ɗaki-ɗaki tana neman waɗanda aka tsallake, Ka sa ta cikin waɗanda ba za a tsallake ba ranar rabon rahamarKa. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka sa jinyar da ta yi ta zama kaffara. Duk numfashin da wani yaro ya ja lafiya ta dalilinta, Ka sa shi a mizaninta. Ka haɗa ta da iyayenta a Aljanna Firdausi, ta ji babanta ya kira sunanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Souleyman, wanda ya ba mu ɗakinsa kuma ya ba ƙauyuka aron matarsa shekara da shekaru bai yi ƙorafi ba, da 'ya'yanta Mohamed da Aminata, da jikokinta, da abokan aikinta, da duk wanda ta taɓa ajiye wa tsakuwa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo.

Saura abu guda. Kin ce kina son ki ji daga bakina, ko sau guda. Na makara. Amma yanzun nan da nake rubutun nan a tsakar gida na faɗe shi da ƙarfi, har Salamatu ta saki ludayi. Ga shi kuma a rubuce, inda kowa zai gani.

Daga Ciɗo Tanimu na Dabagin Sadiƙu, da matarsa Salamatu, da 'ya'yansu biyar. Biyar, Madam, ki ƙidaya: Shamsiya, Ashiru, Hasiya, Abdulrazak, Rahinatu.